Zara, Gamzaki, Tatrit: tarihin sunayen tauraro guda a Imanan da ƙasar Kurfai

1. Gabatarwa

Malamin firamare da aka ce ya koyar da darasin sararin samaniya da Hausa yakan ci karo da matsala tun shafin farko. Littafinsa na Faransanci ya jera masa taurarin da ke kewaya rana, kowanne da suna guda: Mercure, Vénus, Mars, har zuwa Neptune. In ya buɗe ƙamus yana neman Vénus, sai ya tarar da amsa fiye da ɗaya: zara, matar wata, gamzaki, tauraron asuba. In ya tambayi limamin unguwa, sai ya ƙara masa da Zuhura. Yawanci yakan zaɓi wadda ta fi masa daɗin faɗi ya rubuta a allo, bisa tunanin duk ɗaya ne. Abin da muke son nunawa a wannan ƴar takarda shi ne kowace kalma da hanyar da ta biyo da kuma lokacin da take nufi, kuma guda ɗaya tak daga cikinsu aka yi domin ta ambaci tauraron shi kansa, ba tare da duban sa'ar fitowarsa ba.

Tambayar ta daɗe a Nijar. Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda yara ke fara karatu da Hausa, masu rubuta littattafan makaranta suke fama da kalmomin kimiyya. Ta ƙara nauyi a watan Maris na 2025, sa'ad da sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Kalmar da aka buga cikin littafi a Yamai za ta shiga ajin da yaransa da dama ba Hausa suka sha a nono ba.

Irin wannan ajin ake samu a Imanan, shi ya sa muka tsaya a can. Imanan yanki ne na Dallol Boso, cikin sashen Filinge na jihar Tillaberi, babban garinsa Bonkuku, bisa hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Baleyara ta nufi Filinge. Abzinawa ne suka kafa sarautarsa a farkon ƙarni na 19, suka zauna, suka bar dogon yawon kiwo. Don haka Henri Guillaume ya sa wa littafinsa na 1974 kan wannan kanto suna Les nomades interrompus, watau makiyayan da tafiyarsu ta katse. Daga arewa Kurfayawa ne, masu Hausa irin ta yamma. Daga kudu akwai Zabarmawan Tondikandiya da mutanen Tagazar, Filani kuma suna ratsa dallol da dabbobinsu. A kasuwar Bonkuku ba abin mamaki ba ne mutum guda ya yi ciniki da harshe uku kafin azahar.

2. Abin da ido ke gani

Kafin mu shiga sunaye, ya kamata mu san abin da ake sa wa suna. Hanyar wannan tauraro tana tsakanin hanyar duniyarmu da rana, yana gama kewayensa cikin kwana 225. Saboda haka, a idonmu, ba ya taɓa nisanta daga rana fiye da daraja 47, watau kusan rabin tazarar da ke tsakanin gindin sama da tsakar ka. A ƙasashenmu ba a ganinsa da tsakar dare. Ko dai ya bayyana a yamma bayan faɗuwar rana, ya yi awa uku da ƴan mintoci in ya daɗe, ya faɗi. Ko kuwa ya fito a gabas kafin alfijir. Yakan yi kimanin kwana 263 yana tauraron magariba, ya ɓace kamar mako guda, ya yi wasu kwana 263 yana tauraron asuba, sa'annan ya ɓuya bayan rana kusan kwana 50. Jimla kwana 584.

Abubuwa uku ke biyo bayan wannan lissafi, kuma dukansu sun bar sawu cikin sunaye. Wanda ya gan shi da magariba a wannan wata yawanci ba zai gan shi da asuba ba, don haka mai hankali ne wanda ya ɗauka taurari biyu ne. Na biyu, kwana 584 bai dace da shekarar noma ba. Kaza da ƴaƴanta, wadda Larabawa ke kira Surayya, Abzinawa kuma Shat ahad, ƴan matan dare, tana dawowa wurinta kowace shekara a lokaci guda, manomi da makiyayi su auna damina da ita. Wannan kuwa bana yana yamma da bazara, baɗi yana gabas. Ba ya faɗin yanayi, sa'a kawai yake faɗi. Na uku, tun da ba ya nisa da rana, watan da zai iya tsayawa kusa da shi sai siriri: jinjirin wata na kwana ɗaya zuwa huɗu, ko tsohon wata na ƙarshen kwanakinsa.

3. Sunayen littafi

Masu duban taurari na Babila su ne na farko da muke da shaidar rubutu cewa sun gane tauraro guda ne. Allon da ake dangantawa da zamanin sarki Ammisaduka, wajen ƙarni na 17 kafin Miladiyya, ya jera ranakun ɓacewarsa da bayyanarsa na shekara 21, gabas da yamma, ƙarƙashin suna guda. Sun haɗa shi da Ishtar, gunkiyar so da yaƙi, wadda mutanen Sumer ke kira Inanna. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne jinsin sunan bai tsaya wuri guda ba. A Yaman ta dā da birnin Ugarit, Athtar namiji ne. A rubutun sarki Ezana na Aksum, a ƙarni na 4, Astar yana cikin abubuwan bautar masarauta. Akwai ma allon Babila da ya ce tauraron mace ne a wata fitowar, namiji a ɗayar.

Girkawa sun daɗe da suna biyu: Hesperos na maraice, da Heosphoros ko Phosphoros, mai kawo alfijir ko mai kawo haske. Wasu marubutansu sun ce Pitagoras ne ya fara faɗin cewa abu guda ne, wasu suka ce Parmenides. Da ilmin Babila ya iso musu sai suka fassara tsarin: tauraron Ishtar ya zama tauraron Afrodit, Rumawa kuma suka mai da shi tauraron Venus. Kalmar venus a Latin asalinta sha'awa take nufi, ko kyau mai jan rai. Dangi ce ga venerari, girmamawa, da venenum, maganin mallaka wanda ya koma yana nufin dafi, inda Faransanci ya samu venin. Ranar Juma'a ta zama dies Veneris, ita ce vendredi. Tsoffin sunayen ba su mutu ba, sun dai sake aiki. Lucifer, fassarar Phosphoros a Latin, ya bi ta littafin Ishaya ya koma laƙabin Shaiɗan a Turai. Phosphoros kuwa aka ba sinadarin da Hennig Brand ya gano a 1669. Harafin P da manomin dankalin turawa na Bonkuku ke gani bisa buhun takin zamani, daga sunan tauraron asuba na Girkawa ya fito.

Haka abin yake a Sin: Qiming da asuba, Changgeng da maraice, sai masana suka haɗa su da sunan Taibai, babban fari, da Jinxing, tauraron ƙarfe. Duk inda aka samu suna guda, a hannun masu riƙe da lissafin shekaru aka same shi. Talakan Faransa bai bar faɗin étoile du berger ba, tauraron makiyayi, kamar yadda Baturke ke cewa Çoban yıldızı da wannan ma'ana.

Sunan Larabci, az-Zuhara, ba na gunki ba ne. Ya fito daga saiwar z-h-r, mai nufin ƙyalli, hasken fari, da fure. Daga ita aka samu al-Azhar ta Alƙahira da laƙabin Nana Faɗima, az-Zahra'u. Masana falaki sun jera taurari bakwai masu tafiya, kowane da samansa: wata, Uɗaridu, Zuhara, rana, Mirrihu, Mushtari, Zuhalu. Zuhara ce ta uku, kuma ita aka ba ranar Juma'a, daidai da tsarin Rumawa, domin duk daga rijiya guda aka ɗebo.

4. Daga Zuhara zuwa zara

Alƙur'ani bai ambaci Zuhara da suna ba. Tauraron da ya kira da sunansa shi ne Shi'ira, cikin Suratun Najmi. Amma tafsiri ya ambace ta a wuri biyu da kowane almajiri ke ratsawa. Cikin Suratul An'ami, a ƙissar Annabi Ibrahim da tauraron da ya gani dare ya rufe, Jalalaini ya kawo ƙaulin cewa Zuhara ce. Jalalaini kuwa shi ake karantawa ana fassarawa kowane azumi, daga Sakkwato har Filinge, a gaban jama'ar da ba ta taɓa buɗe littafin falaki ba. Wuri na biyu shi ne aya ta 102 ta Suratul Baƙara, kan Haruta da Maruta. Ɗabari ya ruwaito labarin wata mace kyakkyawa da ta fitine su aka mai da ita wannan tauraruwa. Ibn Kasir ya mai da labarin ga Ka'abul Ahbari, ya sa shi cikin Isra'iliyyat. Ko an karɓe shi ko an ƙi, mai sauraro ya tashi da abu guda a ransa: Zuhara mace ce, kuma kyakkyawa.

Hanya ta biyu ita ce ta masu hisabi. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littafin ad-Durr al-manzum kan ilmin ɗalasimai da taurari, shaidar cewa a Katsina ta ƙarni na 18 ana karanta wannan fanni har a yi fice da shi a Masar. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta risala yana jan kunnen mutane daga masu duba da taurari, kuma ba a jan kunne kan abin da ba ya yaɗu. Mervyn Hiskett, cikin wata maƙala ta 1967, ya nuna yadda aka zuba kalandar taurari ta Larabawa da tsarin taurari bakwai cikin waƙen Hausa na ajami don almajirai su haddace.

Sai mu koma ga siffar kalmar. Joseph Greenberg (1947) ya raba kalmomin aro daga Larabci gida biyu. Tsofaffi, waɗanda suka shigo ta baka, sun zo da al- manne da su: alƙali, Alhamis, asuba, azahar, la'asar. Na baya, waɗanda malamai suka ɗauko daga littafi, sun zo tsirara: nahawu, hujja, darasi. Da ta baka sunan nan ya shigo tun farko, da wani abu kamar azzahara muke faɗi, kamar yadda muke cewa azzalumi. Rashin al- yana nuna hannun malamai. Amma kalmar ta goge irin gogewar abin da ya daɗe a kasuwa. Hausa ba ta son h a ƙarshen gaɓa, kuma tana da dabara biyu ta kauce masa: ko ta cusa wasali, ko ta yar da shi ta ja wasalin da ke gabansa. Ahmad ya ba da Ahamadu da Amadu, Mahmud ya ba da Mamudu, Rahma ta ba da Rahama da Ramatu. Zahra, bisa wannan ƙa'ida, za ta ba da Zahara da Zara, kuma duka biyun sunayen mata ne da ake raɗawa har yau.

Wasalin farko shi ke da ɗan bayani. Daga Zuhara ko Zuhra, abin da ake tsammani shi ne Zuhura, kuma shi malamai ke faɗi, shi ne kuma Swahili ya riƙe. Wasalin a na zara yana nuna cewa sunan tauraruwar ya faɗa cikin sunan mace, Zahra'u, wanda saiwarsu ɗaya kuma ya fi shi yawa a bakin mutane nesa ba kusa ba. A ganinmu wannan haɗuwa ce ta ba kalmar rai. Zuhura kalmar darasi ce. Zara kuwa akwai ta a kowace unguwa, tana ɗibar ruwa a rijiya. (A lura, zara ta karin maganar nan, zara ba ta barin dami, kalma ce dabam, daga aikatau zare, rubutun boko ne ya sa suka yi kama.)

Da ta zama mace mai suna, sai aka yi mata aure. Wannan auren ba daga littattafan falaki ya zo ba: a can wata yana sama ta farko, Zuhara ta uku, Uɗaridu a tsakaninsu, ko maƙwabtaka ba su haɗa ba. Nahawun Hausa ne ya buɗe ƙofa, don wata namiji ne, rana mace. Bafaranshe ba zai iya ɗaura wannan aure ba, la lune mace ce. A Zabarmanci babu jinsin nahawu sam: handu, wata, da handariya, tauraro, wakilin suna guda ke tsaya musu, don haka yaron Tondikandiya da ya ji «matar wata» zai gane hoton, amma harshensa bai tilasta masa sanin wane ne mijin ba. A Tamajak kuwa wata yana da suna namiji, ayur, da suna mace, tallit, wadda kuma ake ƙirga watanni da ita.

Tunanin sa wa wata abokin tafiya ya bazu a Afirka fiye da inda Larabci ya kai. Yarabawa suna kiran tauraron aguala, suna kuma yi masa laƙabi da karen wata. A Malawi, Alice Werner ta ruwaito cewa wata mata biyu gare shi: ta gabas ba ta ciyar da shi sai ya rame, ta yamma tana ciyar da shi sai ya yi ƙiba. Wannan tatsuniya lissafinta daidai ne, domin tsohon wata mai ramewa da tauraron asuba yake gamuwa, jinjiri mai girma kuwa da na magariba. Abin da ya fi kusa da gaskiya a nan shi ne «matar wata» ta girmi zara a ƙasar Hausa: gurbin yana nan, sunan aro ya zo ya zauna ciki.

Musulunci ya ƙara wa gurbin ƙarfi ta hanyar duban wata. Daren da gari duka ke fita ya zuba ido yamma, watau daren neman watan azumi ko na salla, shi ne daren da zara ke iya tsayawa kusa da jinjirin wata. Ba kowace shekara ba: in tana zagayenta na asuba, wata zai tsaya shi kaɗai, sai mu ce da bakin wasa ta yi yaji. Daga nan kalmar ta fara sakin tauraron ta kama wurin. A maganar yau da kullum, duk tauraro mai haske da aka gani dab da wata akan ce zara ce. In watan ɗan daren goma sha huɗu ne, lissafin da muka yi a sama ya nuna ba ita ba ce. Sau da yawa Mushtari ne. Masu yabon amarya da ango suna cewa kamar zara da wata, suna kuma kwatanta kyau da wata ɗan daren sha huɗu, alhali waɗannan biyun ba su taɓa haɗuwa a sama ba. Ke nan sunan da ya fito daga littafi yana rufe asuba da magariba duka, da ya shiga baki sai ya tsuke ya koma sunan matsayi.

5. Gamzaki, tamraro, tatrit

Gamzaki ba ya cikin jerin taurari bakwai na littattafan Larabci. Namiji ne, kuma na asuba ne kawai. Haka Bargery (1934) ya fassara shi. Kunnen Bahaushe yana jin zaki a cikinsa, kuma ko da wannan fassarar kunne ce, ba ta tarihi ba, ta yi aiki: ana yi wa fitaccen namiji kirari da gamzaki, wanda ya riga kowa fitowa ya kuma fi kowa haske. Aikinsa tashin mutane ne: fatake masu son cin hanya kafin rana ta yi zafi, mata masu daka, mai azumi da ke auna sauran lokacin sahur. Kalmomin biyu ba sa musanya. Wanda ya ce wa ango zara ko amarya gamzaki, za a yi masa dariya. Mun ga allon Babila da ya raba jinsin tauraron bisa fitowarsa. Ba mu ce akwai alaƙar tarihi ba, abu guda ne mutane suka gani a wurare biyu suka yi masa hukunci iri ɗaya.

A Tamajak, tauraro atri ne, jam'insa etran. Siffar mace, da t gaba da baya, ita ce tatrit, kuma ita aka keɓe wa wannan tauraro: tatrit ta n tufat, tauraruwar safiya, kamar yadda ƙamus ɗin Charles de Foucauld (an buga shi 1951-1952) ya kawo daga Ahaggar. Ke nan a sa'a guda, a gabas guda, Bakurfaye yana ganin namiji, maƙwabcinsa na Bonkuku yana ganin mace.

A nan akwai tarko, kuma Hausar Kurfai ce ke fid da mu daga ciki. Wanda ya ajiye tauraro kusa da tatrit zai so ya ce aro ne, musamman da yake aro tsakanin harsunan biyu gaskiya ne: Claude Gouffé (1974) da Maarten Kossmann (2005) sun bi sawun kalmomi irin su raƙumi, takarda da cokali. Amma tauraro siffar Kano ce. A Hausar yamma tamraro ake cewa, kamar yadda ake cewa amre da zamna inda Kano ke cewa aure da zauna. Tun 1928 August Klingenheben ya nuna cewa siffar yamma ce tsohuwa: baƙin leɓe na ƙarshen gaɓa ne ya narke ya zama u a gabas. Saiwar Hausa tana da m, ta Tamajak t-r ce kawai, kuma ta- na farkon tatrit alamar mace ce, ba na saiwa ba. Da an cire waɗannan, kamar ta ragu ƙwarai. Wannan ɗaya ne daga dalilan da suka sa aikin Jibo Garba Malka (1978) kan Hausar Filinge yake da amfani fiye da kwatanta karin harshe: abin da daidaitacciyar Hausa ta goge, Kurhwayanci yakan riƙe.

Na magariba yana da suna dabam a Tamajak, azzag willi, watau tatsar awaki: in ya bayyana, lokacin tatsa ya yi. Edmond Bernus, wanda ya yi rubutu kan taurarin makiyaya a 1989, ya nuna yadda sama ta Abzinawa take cike da dabbobi da aikin kiwo, har taurarin arewa raƙuma ce da ɗanta. Suna irin wannan jimla ce ta aiki, kuma yana rayuwa muddin aikin na nan. A Azawak, inda garke shi ne dukiya, ba ya bukatar bayani. A Imanan, inda aka yi ƙarni biyu ana zaune, inda rani ya zama lokacin lambun dankali da ban ruwa, kuma jikokin makiyaya da dama suka fi sakewa da Zabarmanci ko Hausa, shi ne sunan da ya fi fuskantar mantuwa. Littafin makaranta da ya zo da kalma guda zai gaggauta masa.

6. Abin da za a rubuta a allo

A 1892 Gottlob Frege ya ɗauki wannan tauraro ya yi misali da shi don ya raba ma'ana da abin da ake nufi, sens da dénotation a fassarar Faransanci. Faɗin cewa tauraron asuba shi ne tauraron asuba bai ƙara wa kowa komai ba. Faɗin cewa tauraron asuba shi ne na maraice labari ne, wanda sai da aka yi shekaru ana ƙirga kwanaki aka same shi. A Hausa jimlar ta fi armashi, don tana karya nahawu: gamzaki shi ne zara. Yaron da ya ji ta zai musa, kuma musunsa shi ne ƙofar darasin. Ƙamus ɗin da ya rubuta Vénus: zara, gamzaki, da waƙafi a tsakani, ya kashe darasin kafin a fara.

Shawararmu ita ce a ba jikin tauraron sunan Zuhura. Shi kaɗai ne daga cikin sunayenmu da aka yi domin ya rufe fitowa biyu, yana da shekaru aru-aru a rubutun ƙasar nan, kuma yana zuwa da ƴan'uwansa, Uɗaridu, Mirrihu, Mushtari, Zuhalu, waɗanda littafin ke bukata a shafi guda. Ara daga Turai zai raba mu da Nijeriya, don mai Faransanci da mai Ingilishi ba furuci ɗaya suke yi wa Venus ba, kuma ba ma bukatar ƙarin irin wannan rabuwa. Za a iya cewa sunayen suna da warin duba. Amsa tana wurin malaman da kansu, waɗanda suka raba sanin tafiyar taurari don lokaci da alƙibla, da da'awar tasirinsu bisa ƙaddara, suka halatta na farko. Zara da gamzaki kuwa a bar su yadda suke, sunayen fitowa, a kuma bar fili a shafin inda yaro zai rubuta abin da ake faɗi a gidansu da Tamajak, Zabarmanci ko Fulatanci.

Akwai sauran kalmar planète ita kanta. Littafin Faransanci yana alfahari da cewa Vénus ba étoile ba ce. In aka juya wannan kai tsaye, aka ce Zuhura ba tauraruwa ba ce, an faɗi abin da kunnen Hausa zai ƙaryata, don tauraro a Hausa duk ɗigon haske ne na sama. Girkawa da Larabawa sun ce masu yawo, masu tafiya. «Tauraro mai tafiya» ya wadatar, kuma yaro zai iya tabbatar da shi da idonsa.

Tabbatarwar ba ta bukatar na'ura. Azumin 1446 ya kama a farkon Maris na 2025. A dararensa na farko zara tana yamma, ba nisa da jinjirin wata. Wajen 23 ga Maris ta ratsa tsakaninmu da rana ta ɓace, kuma kafin salla masu dawowa daga sallar asuba sun fara hango gamzaki ƙasa-ƙasa a gabas. Zagaye biyar na kwana 584 kwana 2920 ne, shekara takwas ba kwana biyu, don haka abin zai maimaitu a Maris na 2033. Wannan tazara wata 99 ce a ƙirgar Hijira, shekara takwas da wata uku, ke nan a watan babbar salla na 1454 zai faɗo.